Dutsen washi da lam: ɗan tarihin aska da koyonta

A shekarar 1769 wani maƙerin wuƙaƙe na birnin Paris, Jean-Jacques Perret, ya buga littafi sukutum a kan yadda namiji zai koyi aske gemunsa da hannunsa. Sunan littafin La Pogonotomie, kalmar da aka haɗa daga Girkanci, gemu da yanka. Wanda ya tashi ya tarar da Bic a teburin kowane mai shago zai ce abin dariya ne, aski ma sai an rubuta masa littafi? To amma ku dubi abin da mutumin ya yi alkawarin koyarwa tun daga bangon littafin: bayan askin kansa, akwai yadda za a gane duwatsun da suka dace da washi, da yadda za a gyara fatar da ake goga aska a kanta. Perret maƙeri ne, ya san inda gizo ke saƙa. Jan aska a kunci abu ne na minti biyar. Sa ta ta yi kaifin da za ta ɗauke gashi ba tare da ta ɗauke fata ba, wannan shi ne sana'ar.

Shi ne kuma ya yi dabarar sa wa aska wani ɗan gida na katako, yadda bakinta kaɗai ke leƙowa, kamar abin fere katako na kafinta, don kada sabon shiga ya yanke kansa. Tun lokacin Turawa suke neman hanyar da za su rabu da mai aski.

A ƙasar Hausa tambayar ba ta taso haka ba, don aski aikin wani ne, kuma wanin yana da suna da gida da gado. Wanzami.

Tunda harshe nake karantawa, bari in fara da kalmomin. Aska, aski, aske, ma'aski, ma'aska: gida ɗaya ne, saiwa ɗaya, kowa ya ji ya san ƴan Hausa ne. Wanzami kuwa shi kaɗai yake tsaye. Babu aikatau a bayansa, ba a cewa wane ya wanzama. Daga sunan ne aka samu wanzamai da wanzanci, inda m ta koma n saboda maƙwabtaka da c. Kuma kalmar matafiyiya ce: Zabarmawa na cewa wanzam, Barebari na cewa wanzam, a Gana ma in ka ce wanzam kowa ya san mai yi wa yara kaciya kake nufi, don Hausawan zango ne suka kai sana'ar da sunanta can. Kenan Hausa na da kalma biyu, ma'aski da wanzami, kuma ba a banza ba. Ma'aski gashi kawai ya sani. Wanzami shi ne mai zabira, a cikinta akwai asake iri-iri, da ƙaho, da ƴar tsaga, da hantsaki, da almakashi, da dutse. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke kaciya, shi ke fasa maruru, shi ke cire hakin wuya, shi ke tsagar gado, ga kuma ƴan ƙulle-ƙullen magani.

Wannan haɗi na aski da fiɗa ba namu ne mu kaɗai ba. A Ingila, a 1540, zamanin sarki Henry na takwas, an haɗa masu aski da masu fiɗa cikin ƙungiya ɗaya, ba su rabu ba sai 1745. A Faransa ma sai a 1743 aka raba su da dokar sarki. Dalilin a fili yake: mutumin da ya mallaki ƙarfe mafi kaifi a gari, kuma hannunsa bai rawa, shi za a kira duk inda ake son a taɓa fatar ɗan Adam. Bambancin shi ne a can rabuwar ta zo da takarda, rana ɗaya. A nan a hankali ake ta zare wa wanzami ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, har yau ba a gama ba.

Addini ya ba sana'ar gindin zama. Duk wanda ya yi Risala a zaure ya wuce ta wurin da ake maganar aske kan jariri ranar bakwai da yin sadaka da nauyin gashin na zinariya ko azurfa. Hadisi ya zo cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Annabi (SAW) ƙaho, aka biya shi da abinci. Alhazai na aske kai a Mina. Saboda haka wanzami bai taɓa zama baƙo a gidan malam ba. A fada ma yana da kujera, don akwai sarautar Sarkin Aska, shugaban wanzamai. Ku yi tunani, mutum ɗaya ne tak a ƙasa ke iya sa wa sarki ƙarfe a maƙogwaro, sarki kuma ya lumshe ido.

Akwai ma'ana ta biyu ta kalmar aska wadda ƴan bana suka fara mantawa. In tsoho ya dubi baƙo ya ce “askar Gobirawa gare shi”, ba wuƙa yake nufi ba, zanen fuska yake nufi, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Sunan kayan aiki ya koma sunan aikin. A ƙarni na 19, lokacin da sarakunan Katsina suka dawo Maraɗi bayan jihadi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, aka shafe shekaru ana kai wa juna hari da ƙasashen Sakkwato, zanen nan shi ne kartin shaidar mutum. Yaron da aka kama a hari, ko ya manta sunan garinsu, fuskarsa ba ta manta ba. Wani Bature, Tremearne, ya zana ire-iren tsagar nan da yawa a littafinsa na 1913 kan al'adun Hausawa. Yau in kun duba ajinmu a jami'a, masu cikakkiyar askar gado ba su da yawa, kuma su kansu galibi ba su da niyyar yi wa ɗiyansu. Wannan aiki na farko kenan da ya fita daga zabira.

Ita askar kanta daga maƙera take fitowa. Kafin ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, maƙeran baƙi ke narka tama su fid da ƙarfe, irin aikin da Nicole Echard ta ɗauka a fim wajen maƙeran Adar a shekarun 1960, lokacin da abin ya riga ya kama hanyar ɓacewa. Bayan nan aka koma ƙarfen tsoffin motoci. Maƙeri ya buga, ya ba ta siffa, ya kashe ta a ruwa don ta yi tauri. Amma abin da ke fitowa daga maƙera bai isa ya taɓa fuska ba tukuna. Wanzami ne ke ƙarasa ta a kan dutse. A Turai ma haka abin yake, ko bayan da Benjamin Huntsman ya samo hanyar narka ƙarfe mai tsabta a Sheffield wajen 1740, asaken Sheffield da na Solingen a Jamus da na Thiers a Faransa suka yi suna. Kome kyan ƙarfe, kaifi ba ya zama. Kowane aski yana lanƙwasa bakin aska kaɗan, yadda ido ba ya gani amma fata na ji. Sai an miƙe shi a kan fata kafin a sake, sai an koma dutse in ya dakushe.

Ni na ga wannan da idona a bakans ɗin bara, lokacin da na je wurin tsohon wanzamin unguwarmu da littafi da biro, da niyyar tattara kalmomin sana'a don wani aikin makaranta. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi wa mahaifina, don haka Baba nake ce masa. Ya saurare ni, ya ce, “Ɗana, kalmar da ba ka riƙe abinta ba, mi za ka rubuta a kanta? Zauna.”

Sati biyu ban taɓa kan kowa ba. Dutse ya ba ni, da wata tsohuwar aska da ta daina aiki, da ruwa a ɗan gwangwani. A ɗiga ruwa, a kwantar da aska, a tura, a juya, a jawo. Ba a dannawa. In ka danna, baki ya yi ƴar leɓe ta koma gefe ɗaya, sai ka sake daga farko. Yakan gane daga sauti, yana can yana hira da mutane bai ko dube ni ba, sai in ji ya ce, “Ka ɗaga bayanta.” Bayan dutse sai fata, a nan kuma ja ake yi da baya, bakin na bin sawu, in ba haka ba ka yanke fatar. Shi kam sau da yawa a tafin hannunsa yake gogawa, fat fat fat, kafin ka ƙifta. Gwaji kuma a gashin damtse: in ta ɗauke shi ba tare da ka ji ja ba, ta yi.

Sai da wannan ya zauna sannan ya kawo duma, ya shafa masa kumfar sabulun salo, ya ce in kwashe kumfar kada in bar zane ko ɗaya a jikin duman. A nan na koyi abin da littattafan Turawa ke kira kusurwar digiri 30, shi kuma yake cewa “kwantar da ita kamar mai sallama, kada ka tsai da ita kamar mai faɗa”. In ta miƙe da yawa kankara take yi, in ta kwanta sarai ta bi ta saman gashi. Kuma aska gaba take tafiya, ba ta tafiya a gicciye. Ko kaɗan ta zame ta gefe, ta zama wuƙa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hannun hagu ya fi na dama aiki. Dama riƙo ne kawai da ɗan motsin wuyan hannu. Hagu ke jan fata ta miƙe, ke juya kan mutum, ke lalubo ƙurji ko tabo kafin ƙarfe ya iso wurin, ke gane inda gashi ya kwanta don a bi shi. Gashin kanmu murɗaɗɗe ne, in aka yi masa gaba da gaba aka yanke shi ƙasa da fata, sai ya lanƙwasa ya koma ciki, shi ne ƙurajen nan da ke fitowa a ƙeya da ƙarƙashin haɓa. Baba bai san sunan abin a likitance ba, amma ya san ba a maimaita wuri sau uku. Kuma ba a gaggawar jiƙa kai. Yakan daɗe yana murza ruwa da yatsu har gashi ya yi laushi, mai askin ma har ya fara gyangyaɗi. Da na fara taɓa kan mutum, wani ƙanena ne da aka lallasa da alewa, na gane dalilin karin maganar nan ta aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi: fatar wurin siririya ce, ƙashi na kusa, mai kai kuma yana ganin ƙarfen da idonsa.

Ɗan wanzami na gado tun yana ƙarami yake wannan. Ɗaukar zabira, ɗebo ruwa, share gashi, washi, shekaru kafin a bar shi da kan babba. Kuma ba kuɗin hannu kaɗai ke riƙe da sana'ar ba. Gida na da wanzaminsa kamar yadda yake da malaminsa, ana ba shi damin hatsi da kaka, yana da rabonsa a ragon suna. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, in ji Hausawa, kuma maganar ta fito ne daga duniyar da aski alkawari ne tsakanin gida da gida.

To mi ya faru? A 1901 wani ɗan tallan kaya a Amurka, King Camp Gillette, ya kafa kamfani a kan tunani guda: a yi ƙarfe siriri kamar takarda, a wasa shi a masana'anta, mutum ya yi aski da shi ya jefar ya sayi wani. A 1903, shekarar da Ingila ta ci Kano da Sakkwato, abin da ya sayar duka-duka maƙalan aski 51 ne da reza 168. A 1904 ya samu takardar mallakar dabararsa, cinikin ya haura dubu 90. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko, aka raba wa sojojinta maƙalai wajen miliyan 3 da rabi da reza miliyan 32, samari suka koma gida sun saba. A 1962 Wilkinson Sword ta fito da wadda ba ta tsatsa, a 1975 Bic ta fito da wadda ake jefarwa da maƙalinta gaba ɗaya. In kun lura, Gillette bai koya wa kowa aski ba. Washi ya ɗauke daga hannun mutane ya kai masana'anta, ya mai da kaifi abin saye. Rabin littafin Perret ya tashi aiki, sati biyun da na yi a kan dutse ma haka.

A 1904 ɗin nan ne kuma Faransa da Ingila suka sake zama a kan iyakar da ta ratsa ƙasar Hausa, suka ƙarasa a 1906. Sakamakon yana bakinmu har yau. Ɗan siririn ƙarfen nan, a Katsina reza ne, daga Ingilishi. A Maraɗi lam ne, wasu su ce lamu, daga Faransanci, ko da yake mu na bakin iyaka duka biyun muna ji. Injin aski a can kilifa, a nan tondaz. Amma aska aska ce daga Tawa har Zariya, zabira zabira ce, tukku da zanko da saisaye ba su san duwan ba. Duk kalmar da iyaka ta raba, ku bincika, bayan Bature ta zo. Wannan ɗan ma'auni ne da nake amfani da shi, kuma bai cika ba ni kunya ba.

Sai dai lam ba ta kashe askar maƙera nan take ba. Shekaru da yawa suna tafiya tare, ƴan bariki da ƴan lakkwal na sayen lam, tsofaffi na zaune gaban wanzami ranar kasuwa ko safiyar Juma'a. Abin da ya yanke hukunci cuta ce. An tabbatar da sida a Nijar a 1987, rediyo ya shiga gargaɗi a kan ƙarfe ɗaya da ke yawo daga fata zuwa fata. Ga kuma ciwon hanta, wanda ƙwayarsa ta fi ta sida saurin kamuwa ta jini, tana iya kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe ba ta mutu ba. Goga aska a tafin hannu ko tsoma ta a ruwa ba ya kashe wannan. A nan ba ni da wata ƙorafi ta son gargajiya. Askar da ta aske mutum goma a yini ɗaya haɗari ce, kome tsarkin zuciyar mai ita.

Haka nan ba duk abin da ya fita daga zabira ne abin kuka ba. Cire hakin wuya ga jariri ɗan kwana uku ko bakwai, likitoci sun daɗe suna cewa ba ya maganin komi, ga zubar jini ga ƙwayar cuta, amma har yanzu ana yi a garuruwanmu. Yankan da ake yi wa ƴaƴa mata da sunan cire angurya, dokar ƙasa ta 2003 ta hana duk wani yanka irin wannan, kuma daidai ne. Na faɗa wa Baba haka, muka yi musu har la'asar. Bai yarda da ni a kan hakin wuya ba, ya ce ni yaro ne, nawa ma shi ya cire ga ni nan ina jami'a. Na ce masa waɗanda ba su kai jami'ar ba ba su nan balle su ba da shaida. Ya yi dariya ya ce wanzami ba ya son jarfa.

Abin da nake jin zafinsa daban ne. Kaciya na komawa gidan likita, madalla. Aski ya koma shagon kwafer mai madubi da kiɗa da hotunan ƴan ƙwallo, ba laifi, ni ma can nake zuwa. Amma ilimin ƙarfe da fata da mutanen nan suka tara, ba wanda ya karɓa. Yaron shago ya iya tura tondaz, in an ɗauke wuta kuma babu janareto sai a zauna a jira da rabin kai. In ya zo gyaran fuska sai ya karya lam biyu ya riƙe da yatsu, ya tsai da ita tsaye yana kankara, ga shi nan sabuwa ce amma ka tashi fuska na raɗaɗi. Hannun hagun nan da na ba ku labari, babu shi. Kuma da mutuwar dutse kalmomi ke tafiya. A cikin abokaina goma da na tambaya mi ake ce wa jakar wanzami, huɗu ne suka ce zabira. Ba kididdiga ba ce, hira ce a bakin fakilte, amma ta isa ta sa ni rubuta wanga.

Wanzaman da suka rage sun samo tasu mafita. Akwai wani maƙali mai kama da askar Turawa mai naɗewa, wanda ake zura masa rabin lam, a cire a sa wata ga kowane mutum. Riƙon na da ne, kwanciyar ƙarfen ta da ce, jan fatar na da ne, kaifin kawai ne na kanti. Da shi Baba ke aiki yanzu. Tsoffin asakensa guda biyar suna cikin zabira a naɗe cikin tsumma mai ɗan mai don kada su yi tsatsa, lokaci-lokaci yakan fiddo su ya wasa ya mayar. Ɗansa na fari yana tuƙin kabu-kabu, na biyun yana Agadas.

Wuri ɗaya ne har yanzu ba a kai wa kwafer, askin suna. Kan jariri ɗan kwana bakwai yana da maɗiga, fatar kamar ta albasa, uwa ba za ta miƙa shi ga tondaz ba. Ranar nan da hantsi, bayan an shafa fatiha an raba goro, wanzami ake kira. Uban yaro ne ke zuwa da lam ɗinsa a cikin takardarta, a buɗe ta a gaban mutane, wata tsohuwa ta riƙe jaririn a cinya, a kawo ruwan ɗumi a ƙwarya.